Kwas ɗin haƙa rijiyar mai a kwance: in biya da aljihuna ko in jira?

Mataimakin Direla: Assalamu alaikum. Ni mataimaki ne ga direla, wato mai sarrafa injin haƙa rijiyar mai. Duk rijiyoyin da na yi aiki a kansu tsayayyu ne. Na ga kwas na haƙa a kwance da rijiya mai rassa, ga kuma takardata ta IWCF, wato shaidar ƙwarewa a shawo kan rijiya kada ta fashe, ta kusa mutuwa. Abin hannuna ba zai isa duka biyun ba. Wanne zan sa gaba?

Tsohon Direla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sabunta IWCF tukuna. Shekara 2 kawai take yi, kuma tun bayan fashewar rijiyar Macondo a Tekun Mexico a 2010, da mutum 11 suka rasu, ba a wasa da takardar shawo kan rijiya.

Injiniya Mai Lissafi: Ka nemi digiri na biyu a jami'ar Heriot-Watt ta Scotland kawai, ka huta.

Mataimakin Direla: Yallaɓai, ai kuɗin ne babu.

Ɗan Kwantiragi: Ni na biya kuɗin kwas ɗin da gumina. Na koyi abu, ban musa ba. A can na gane cewa inda rami ya karkata tsakanin digiri 30 zuwa 60 nan tsakuwar da haƙa ke farfasowa ta fi wuyar fitarwa, sai ta kwanta a gefen ƙasa na ramin, da an kashe famfo ta zamo ta danne bututu. Rijiyarmu ta gaba ina kallon allo, ƙarfin juya bututu yana ta hawa, tsakuwar da ke faɗowa kan rariya kuma ta ragu. Na ce a dakata a zagaya laka, wato ruwan haƙa da famfo ke turawa, a wanke ramin. Wakilin kamfani ko kallona bai yi ba. Da asuba bututu ya maƙale, aka yanke shi, aka toshe da siminti, aka ɓalle sabuwar hanya. Da aka zo rage ma'aikata sunana ne a sama. Har yau abin yana ci mini rai.

Hajiya Mai Duwatsu: Allah Ya musanya maka. Amma ilimin bai ɓata ba. Ni ce ke bin bayanan LWD, wato awon duwatsu da ake yi ana cikin haƙa, ina gaya wa direla ya ɗaga ko ya sauke don kada mu fita daga shimfiɗar mai. Wanda ya san lissafin lanƙwasa, digiri nawa a kowace mita 30, aiki da shi daɗi ne. Nawa kwas ɗin bai wuce albashin wata ba.

Ɗan Kwantiragi: Hajiya, nawa ya ci na wata uku, ban da masauki.

Injiniya Mai Lissafi: Na intanet ko rabin haka bai kai ba.

Tsohon Direla: Wanda bai taɓa riƙe birkin injin haƙa ba ya bar ba da shawara. A Sakhalin da ke Rasha an haƙa rijiya mai tsawon mita 15,000 a 2017, ba daga kujera aka yi ta ba.

Injiniya Mai Lissafi: Baba, kafin a juya bututu ko ɗaya sai da aka lissafa jan bututun da gogayyarsa a kwamfuta.

Ɗan Dare: Ni dai kwanciyar da na iya ita ce ta bayan na sauka daga aikin dare.

Hajiya Mai Duwatsu: Mataimakin Direla, ka tambayi masu kwas ɗin ko akwai na'urar gwaji, ko kuma hotuna ne kawai a bango. Sannan ko suna koyar da matakan TAML guda 6, wato tsarin rarraba ire-iren mahaɗar rassan rijiya.

Ɗan Kwantiragi: Abin da ke damuna, ma'aikacin dindindin kamfani ke tura shi horo. Mu 'yan kwantiragi mu biya da kanmu, mu dawo a ce sai mai gogewar shekaru. A ina za mu samo ta?

Tsohon Direla: Wannan gaskiya ne. Har kuɗin gwajin lafiya wasu kamfanonin yanzu a kan ma'aikaci suke ɗorawa.