Tsofaffin finafinan dodanni na Turawa, ta ina mutum zai fara?

ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kallon tsofaffin finafinai ku ba ni shawara. Ni dai finafinan ban tsoro da na tashi da su na Indiya ne, su Purana Mandir da Veerana na 'yan gidan Ramsay, sai Evil Dead da muke taruwa a falon maƙwabta mu kalla a kaset, in aka tashi babu mai yarda ya zaga bayi shi kaɗai. To kwanan nan na ji ana cewa duk waɗannan jikoki ne, kakanninsu su ne na kamfanin Universal na Amurka masu baƙi da fari, shi ne na zuba data na sauke Dracula na 1931. Wlh ban ji komai ba. Babu jini babu kiɗa, ko haƙoran nan ma ba a nuna ba, mutum ne kawai da alkyabba yana zare ido yana jan magana. Minti 75 ne fa amma da ƙyar na kai ƙarshe kuma abin ya dame ni dan ina son in gane abin da mutane ke gani a ciki. Ni ne ban iya kallo ba ko dama haka suke? Kuma na ga suna da yawa, wanne ke bin wanne?

Tsohon_Kaset:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba laifinka ba ne, ƙofar da ka shiga ce mai wuya. Lokacin da aka yi Dracula ɗin nan fim mai magana bai fi shekara huɗu da fitowa ba, su kansu masu yin ba su gama sanin yadda za su yi da sauti ba, kuma daga wasan dandamali aka ɗauko shi, Bela Lugosi ya riga ya yi ta taka rawar a dandamalin New York tun 1927, shi ya sa kana barin gidan Dracula na yankin Transylvania sai fim ɗin ya koma mutane tsaye a falo suna ta bayani. Minti ashirin na farko su ne fim ɗin. Koma ka sake kallonsu da daddare, ka kashe fitila ka ajiye waya. Lura da inda baƙon ya yanke a yatsa, ɗigon jini ɗaya tak, ka ga yadda mai gidan ya taho kamar an ja shi da igiya sai gicciye ya faɗo gaban hannun ya kau da kai, bayan nan ya zuba wa baƙon giya shi kuma ya ce ba ya sha. Kai mai kallo ka san abin da yake sha, baƙon ne bai sani ba, to nan tsoron yake.

Amma ni da za ka bi tawa da Frankenstein za ka fara, shi ma 1931 ne, James Whale ne darakta, Boris Karloff ne dodon. Af, Frankenstein sunan likitan ne da ya harhaɗa gawarwaki, dodon ba shi da suna, mutane na yawan juya abin. Karloff ko kalma ɗaya bai furta ba a fim ɗin, da hannu da ido ya yi aikin, ga kwalliyar da Jack Pierce ke ɗaukar sa'o'i yana yi masa kullum, ga takalma masu nauyi. Akwai wajen da ya tarar da wata ƙaramar yarinya a bakin ruwa, ita kaɗai ce a duk fim ɗin da ba ta gudu ba, ta kama hannunsa ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama, yana murna kamar jariri, da furannin suka ƙare sai ya ɗauka ita ma haka za ta yi. Wannan wajen masu tace finafinai sun yanke shi, sai a shekarun 1980 aka mayar. Sannan uban ya ɗauko gawarta a hannu ya ratsa tsakiyar gari ana cikin shagalin biki, kana gani masu rawa na tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na kalli wannan ya fi sau goma har yau ƙirjina na nauyi, ni ma uban 'ya'ya mata ne.

Daga nan sai Bride of Frankenstein 1935 wanda da yawa ke cewa ya fi na farko kuma na yarda da su, saboda makahon tsohon nan mai goge da ya sauke shi a bukkarsa ya ba shi burodi ya koya masa magana. Sai Son of Frankenstein 1939, nan Karloff ya ajiye rawar. Ka sa The Wolf Man 1941 a tsakani kafin ka kai na 1943 inda aka haɗa shi faɗa da dodon Frankenstein, shi ba zai maka baƙo ba dan mu ma muna da labarin mutum mai rikiɗa kura da dare. Na bayan nan sun fara zama taron dodanni kawai dan a sayar da tikiti, ka kalla in kana da lokaci. The Mummy 1932 shi kaɗai yake tsaye, shekara goma ne bayan tono kabarin Tutankhamun a Masar lokacin ana ta jita-jitar tsinuwar Fir'auna.

'Yar_Damagaram:
Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka ne amma gsky wanda ya tashi da Veerana ba za a fara masa da baƙi da fari ba, zai gudu. Yaya ɗan_Fagge ka nemi na kamfanin Hammer na Ingila, su ne suka dawo da dodannin nan da kala, The Curse of Frankenstein 1957 sai Dracula 1958, a Amurka Horror of Dracula suke ce masa in za ka nema. Christopher Lee ne mashayin jinin, dogo ne sosai, da farko zai sauko daga bene ya gaisa cikin ladabi kamar mutumin kirki, can sai ka gan shi ido jajir baki duk jini ya tsallako tebur. Peter Cushing kuma shi ne mai farautarsa, ƙarshen fim ɗin da ya ruga a kan dogon tebur ya finciko labule rana ta shigo, ya haɗa sandunan kyandir biyu ya yi gicciye da su, wlh na miƙe tsaye ban sani ba. In ka ga wannan za ka gane inda 'yan Indiya suka samo tsohon gida da hazo da akwatin gawa. Sai dai akwai 'yan wuraren da ba na kallo da yara ba ne, musamman na shekarun 1970 da suka fara sakin layi.

Mai_Lambu:
Slm. Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, maganar giyar da Baba ya kawo ce ta tuna min. Ni ba na sha kuma ba na kiran kowa ga sha, mun san hukuncinta, amma aikina noman rani ne kuma ta nan na faɗa karatun littattafan binciken kisa da ake ginawa a gonakin inabi na Faransa da na tafiye-tafiye a yankunan, su Bordeaux da Burgundy. Masu son tsoro ku sani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake jera gangunan giya tsohon wajen tsoro ne a adabin Turawa, tun 1846 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya rubuta The Cask of Amontillado, labarin wanda ya yaudari abokin gabarsa da sunan zo ka ɗanɗana min, ya kai shi can ƙasa ya ɗaure shi ya gine shi da ransa. An ma sa shi a fim a 1962, Vincent Price da Peter Lorre.

Abin da ya riƙe ni a littattafan nan ba kwalba ba ce, rigimar gado ce. Dokarsu tun zamanin Napoleon ta ce a raba wa 'ya'ya duka, to gona ta yi ta tsagewa, akwai wata mai katanga a Burgundy, Clos de Vougeot, hekta 50 ce kacal amma masu ita sun kai wajen 80, wani layuka kaɗan ne nasa. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gonar gado ya san abin da ke iya fitowa daga nan, ba sai marubuci ya wahala neman dalilin kisa ba. Sai jabu, wannan ma ba ƙage ba ne, a 2012 aka kama wani Rudy Kurniawan a California yana cika tsofaffin kwalabe a gidansa yana manna musu takarda yana sayar wa attajirai, shekara 10 aka yanke masa. Ni kuma inda na fi tsayawa a na tafiye-tafiyen shi ne ƙwaron nan da ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 yana cin saiwa har ya kusa ƙarar da inabin Faransa, sun gwada ambaliya sun gwada guba, ƙarshe abin da ya cece su aure ne, irin wanda muke wa mangwaro, saiwar Amurka a ƙasa reshen Faransa a sama, har yau a haka suke shukawa.

ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba jiya bayan isha'i na kalli Frankenstein ɗin, fitila a kashe kamar yadda ka ce. Ban firgita ba irin na Evil Dead amma wajen yarinyar nan sai da na tsayar na fita tsakar gida na sha iska, fuskarsa da ya ga ba ta taso ba yana ta juya hannu bai san inda zai nufa ba, ita ce ta hana ni barci. Yau zan sauke na 1935, Anti na Hammer kuma sai ƙarshen mako in data ta samu. Malam Mai_Lambu labarin Poe ɗin nan yana da tsawo ne ko mutum zai iya gamawa a zama ɗaya?

Mai_Lambu:
Gajere ne ɗan uwa, 'yan shafuka ne, kafin shayinka ya huce ka gama. Turancin ne dai irin na da, ka ajiye ƙamus kusa.