Tes ɗina ya ƙi tashi, wai Spring bai ga StockService ba

ɗan_Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman taimako, kwana uku ke nan abin nan ya hana ni barci. Ina istaj a wani farmasi nan Damagaram, ina haɗa musu ƙaramar manhaja ta lissafin magani da Spring Boot (kayan haɗa manhaja ne na yaren Java), kuma a kanta zan rubuta memwar ɗina. Manhajar tana aiki lafiya lau in na kunna ta, amma da na rubuta tes na StockController na sa @WebMvcTest sai ya faɗi tun bai fara ba, ya rubuto min UnsatisfiedDependencyException, can ƙasa kuma No qualifying bean of type StockService, alhali @Service na nan a kan kalas ɗin, na duba ya fi sau goma wallahi. Na canza zuwa @SpringBootTest sai ya ce MockMvc, abin da ke kwaikwayon aika buƙata wa kwantirola a tes, ne kuma babu, ga shi yana ta neman PostgreSQL, kowane gwaji sai na jira, injin nawa tsoho ne ga kuran yana ɗaukewa. Ina kuskuren yake?

Malam_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, @Service ɗinka ba shi da laifi. @WebMvcTest da gangan yake barin sabis da ripozitori a waje, abin da ya shafi yanar gizo kawai yake ɗorawa, kwantirola da filta da makamantansu. To kwantirolarka ta tashi tana neman StockService ba ta same shi ba, shi ne ƙarar da ka gani. Kai ne za ka ba ta na bogi: ka sa fil (wato field) na StockService a cikin tes ɗin da @MockitoBean a kansa, sannan da when da thenReturn ka faɗa mishi abin da zai maido. In Spring Boot ɗinka bai kai 3.4 ba to @MockBean ne sunan, daga 3.4 aka fara janye shi. Shi kuwa @SpringBootTest duk gidan yake tadawa shi ya sa yake neman bas ɗinka, wato ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL, kuma ba ya ba ka MockMvc sai ka ƙara @AutoConfigureMockMvc. Don gwada kwantirola ɗaya ban ga dalilin wannan wahala ba.

Hajiya_kod:
Gaskiya Malam ya faɗa. Ni abin da zan ƙara, daina sa @Autowired a kan fil a kod ɗin manhajar, ka shigar da komai ta konstrakta. Tun Spring 4.3 in konstrakta ɗaya ce ba sai ka rubuta @Autowired ba ma. Ranar da za ka gwada lissafin da ke cikin sabis ɗin, misali maganin da ya kusa lalacewa, sai ka yi new StockService ka miƙa mishi ripozitori na bogi daga Mockito, kayan ƙera abubuwan bogi don tes, ba Spring ba bas, nan take ya gama. Na sha wannan wuya a aikina na farko, abin yana min ciwo in ga ɗalibai suna jiran inji alhali lokacin sutnans, wato kare memwar, na matsowa.

ɗan_Birni:
Malam na gwada, har yanzu saƙon nan ne. Ga abin da na rubuta: @Mock StockService stockService

Malam_Zango:
To ai ga shi nan. @Mock na Mockito ne zalla, yana ƙera na bogin amma ba ya saka shi cikin kontes na Spring, wato inda Spring ke tara abubuwan da yake raba wa manhaja, kwantirolar ba za ta taɓa ganinsa ba. @MockitoBean na ce, duba da kyau.

ɗan_Birni:
Alhamdulillahi ya yi kore! 3.3 gare ni, @MockBean na sa ya wuce. Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya ke ma na gode, gobe in sha Allahu zan maida fil ɗin nan zuwa konstrakta, kalas huɗu ne kawai.