Tafki a cikin lambu: maganin ƙwari ko gidan sauro?

Mai Lambu: Salamu alaikum jama'a. Bara na haƙa ɗan tafki a kusurwar lambuna, zurfinsa iya gwiwa, na shimfiɗa leda mai kauri na dasa bado. Yanzu kwaɗi sun tare. Da magariba sai ka gan su a gindin tumatir suna lasar ƙwari, har feshi na rage. Ni dai na ce duk mai lambu ya haƙa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, kududdufi ka haƙa ka raɗa masa suna mai daɗi. Turawan Ingila da ke yayin wannan abu ba sa kwana da zazzaɓin cizon sauro. Mu kuwa Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 1 cikin 4 na masu cutar a duniya.

Mai Lambu: Hajiya, zo ki kamfata da kofi, in kin ga tsutsar sauro na biya tara.

Malamin Gona: Kowa da gaskiyarsa. Sauron maleriya ya fi son ɗan ruwan da rana ke duka, irin na sawun shanu ko na taya bayan ruwan sama, inda babu mai cin 'ya'yansa. Da zafin nan, kwana 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. Tafkin da ya zauna kuwa akwai 'ya'yan mazari a ciki, su ke farautar tsutsar. Makonnin farko ne abin tsoro, kafin su zo.

Ɗan Auta: To a zuba tarwaɗa mana, a ci riba biyu.

Malamin Gona: Tarwaɗa za ta cinye talibambam da 'ya'yan mazarin duka, ɗana. Ka koma kiwon kifi ke nan.

Hajiya: Inda kwaɗo ya taru fa, maciji na tafe. Wannan kun yi shiru a kai.

Mai Lambu: Na ga ɗaya da damina, ba zan ɓoye ba. Amma na ga ƙudan zuma jere a kan ganyen bado suna shan ruwa da tsakar rana, ga kurciyoyi da asuba. Gefe guda ma na yi shi gangare, don bushiya ta taɓa faɗawa.

Hajiya: Bushiya ka tuna. Jikokina uku, ƙaramin yanzu yake rarrafe, kuma ruwa iya idon sawu ya isa ya halaka yaro.

Mai Lambu: Nan kam kin kama ni. Gobe zan kewaye shi da waya.

Hajiya: Ka turo hoto mu gani.