Masu riƙe saba mai firosesa biyu, ya kuke gano inda RAM ɗin manhaja ya zauna?

Ɗan_Pantami:
Slm 'yan uwa. Muna da Dell R720 tokumbo a wajen aikinmu nan Gombe, Xeon biyu, RAM 64GB, Ubuntu ne a kai da MySQL. Abin da ke ɗaure min kai shi ne free -h na nuna akwai wajen 20GB a zaune ba wanda ya taɓa, amma saba na ta shiga swap, wato tana aron faifan ajiya a madadin RAM, ranar da ɗalibai suka yi yawa a kan portal sai komai ya riƙa ja da ƙyar. Oga har ya ce a nemo farashin ƙarin RAM, ni dai raina bai kwanta ba. Wani ya ce min NUMA ne. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari don Allah.

Injiniya_Yelwa:
Wslm. Ka ce wa oga ya riƙe kuɗinsa tukuna. Saba mai firosesa biyu kowace firosesa da nata RAM ɗin, node0 da node1, wannan rabon shi ake kira NUMA, kamar gida biyu ne a jere kowa da rumbunsa, ka iya ɗiba a na maƙwabci amma sai ka zagaya. free haɗa su yake yi ya ba ka jimla, shi ya sa yake ruɗin mutum. Fara buga numactl -H za ka ga size da free na kowane node daban, a ƙasa kuma akwai distances, yawanci 10 na gida 21 na maƙwabci. Sai ka nemo PID na mysqld, wato lambar da Linux ya ba manhajar MySQL da ke gudana, ka buga numastat -p da lambar. Zai fito maka da tebur a MB, Huge, Heap, Stack, Private, kowane node da layinsa a tsaye. Namu a Bauchi da na duba kusan 29GB na node0, node1 ko 2GB bai kai ba. Dalili kuwa Linux inda aka fara taɓa shafin memori nan yake ajiye shi, to manhajar ta tashi a kan CPU na node0 ta cika shi dam, kanel ɗin Linux kuma ya koma tura abubuwa swap alhali ɗayan ɓangaren na hutawa. Tsohuwar matsala ce wlh, Jeremy Cole ya yi dogon bayani a kanta tun 2010. Mu innodb_numa_interleave=1 muka sa a my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, don ya riƙa rarraba memori tsakanin nodes ɗin biyu, muka sake tayar da shi, ya rabu kusan daidai.

Ummi_Dev:
Ni numastat ba ya isata, sai na leƙa /proc/PID/numa_maps da sudo. Kowane layi yanki ɗaya ne na memori, za ka ga adireshi, sai default ko interleave ko bind, sai can gaba wani abu kamar N0=120000 N1=35 kernelpagesize_kB=4. Waɗannan lambobin shafuka ne fa ba MB ba, sai ka ninka da 4kB, in hugepage ne, wato babban shafi, kuma da 2048kB. Amfaninsa shi ne kana ganin ko anon ne ko file= wato ko manhajar ce ta nema da kanta ko fayil ne kawai aka ɗora. Amma masu PostgreSQL ku kula, shared_buffers, memorin da suke amfani da shi tare, yana fitowa a numa_maps na kowane ɗan postgres da ke gudana, wani abokin aikina ya tara duka ya samu fiye da RAM ɗin da ke cikin injin gaba ɗaya ya zo yana ta salati 😂

Ɗan_Pantami:
Injiniya na duba yanzu. node0 size 48GB, node1 16GB. Wannan daidai ne kuwa??

Baban_Sadiq:
Hhh ka ga aikin 'yan tokumbo ko. Ba daidai ba ne ƙanena. Buga dmidecode -t memory ko ka kashe ka buɗe murfin, a R720 ramukan A1 zuwa A12 na firosesa ta farko ne, B1 zuwa B12 na ta biyu. Wanda ya haɗa ta cusawa kawai ya yi inda hannunsa ya kai. Na sha ganin haka, akwai wata cibiyar CBT da aka kira ni gefen Jekadafari, duka sandunan RAM na ɓangaren A, node1 sifili, rabin CPU ɗin kullum sai sun tsallaka. Raba su muka yi biyu daidai, ko sisi ba a kashe ba sai kuɗin man mashin ɗina. A naka in ka sa interleave a haka, node1 ne zai fara cika tunda shi ne ƙarami.

Abu_Fadaman_Mada:
Nawa akasin haka ne, HP mai firosesa biyu amma lscpu na cewa NUMA node(s): 1. Ashe Node Interleaving aka kunna a BIOS, shi kuma yana ɓoye rabon gaba ɗaya, ba abin da numastat zai nuna maka. Masu Proxmox kuma, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutocin manhaja da ake kira VM, daga cikin VM ba za ka ga gaskiya ba in ba ka kunna NUMA a saitin CPU ba, sai ka hau injin kansa ka yi numastat -p a kan PID ɗin kvm na wannan VM ɗin.

Ummi_Dev:
Sannan ku duba numastat -m, layin FilePages. Backup na dare yana cika node guda da cache, safiya ta yi a ɗora wa database laifi. Akwai migratepages PID 0 1 na kwashe shafuka daga node0 zuwa node1 ba tare da an kashe manhajar ba, amma ni ban cika sonsa da rana ba, yana sa abu ya ɗan tsaya.

Injiniya_Yelwa:
Gaskiya ne Hajiya. Ɗan Pantami fara bin maganar Baban Sadiq, ranar Asabar da ba kowa ka daidaita sandunan 32 da 32, ka tabbata batirin inbata ya cika kafin ka tayar. Kuma ka turo mana abin da cat /proc/sys/kernel/numa_balancing ya ba ka, 0 ne ko 1.

Ɗan_Pantami:
1 ne. Asabar in sha Allah zan buɗe ta. Tambaya ɗaya, sandunan huɗu 16GB ne ko akwai 'yan 8GB a gauraye ban tabbatar ba tukuna, in gauraye ne wanne zan fara sawa a A1 da B1?