Neman kalma: aiki uku na manhajojin allon rubutu a zamanin DOS

Mai Shirin Asabar:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman agaji kafin daren Juma'a, don Asabar da safe za mu naɗi shirinmu na kimiyya a rediyo. Na wannan makon a kan kwamfutocin zamanin DOS ne, tsohuwar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, lokacin da akasarin abin da allo ke nunawa haruffa ne. Akwai ƙananan manhajoji na wancan lokaci masu aiki uku: su ɗauki abin da ke kan allo su ajiye a fayil, su mayar da fayil ɗin wani tsari, su kuma rage masa nauyi. Na farko na rubuta "ɗaukar hoton allo", sai baƙon da zan yi hira da shi ya ce sam, ba hoto ba ne. Sauran biyun na sa "sauyawa" da "matsewa", amma raina bai kwanta ba. Ku tuna rediyo ne, kunne kaɗai zai yanke hukunci.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Hoton allo kowa ya gane, har kakata. Ki bar shi haka. Na uku kuma matsewa, yadda ake matse bidiyo a waya.

Tsohon Injiniya:
Baƙonki ya yi gaskiya, Hajiya. A IBM PC ta 1981 da 'ya'yanta, allon rubutu layi 25 ne, kowane layi gurbi 80, gurbi 2000 ke nan. Kowane gurbi bayit biyu yake ci (bayit ma'aunin ajiya ne a kwamfuta): ɗaya lambar harafin, ɗaya launinsa da launin bayansa da ko zai riƙa ƙiftawa. Duka allon bayit 4000. Suna zaune a wuri sananne a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, adireshinsa B800 in allon mai launi ne, B000 in marar launi. Manhajar takan laɓe a ƙwaƙwalwa kana can kana aikinka. Da ka danna maɓallan da aka ware mata, sai ka ga fitilar fulofi, faifan ajiya na wancan lokaci, ta kama, ka ji ƙurr, ta rubuta lambobin nan 4000 a faifai. Ba siffar harafi ta ɗauka ba, lambarsa ta ɗauka.

Na ga wannan da idona. Jerin haruffan da na'urar ke zuwa da shi, mai lamba 437, babu ƙ da ɗ da ɓ a ciki. A nau'in allon da ake kira VGA ana iya sauya zanen harafi, sai na zauna na zana masu lanƙwasar nan a gurbin wasu haruffan Turai da ba mu amfani da su. A na'urata "ƙofa" ta fito tsaf. Na ɗauki allon a fulofi, na kai wa wani abokin aiki, ya buɗe a tasa, sai ga wani baƙon harafi mai ɗigo biyu a ka zaune a wurin ƙ. Da hoto ne, da ƙ ɗina ta isa lafiya.

Mai Shirin Asabar:
Allah ya saka da alheri Baba. Wannan labarin na ƙ zan roƙi izini in ba da shi a shirin. To hoto ya fita. Me zan ce?

Ɗan Zazzau:
Kwashe allo?

Malamar Nahawu:
In an kwashe tuwo, tukunya ba ta ragowa da komai. Nan kuwa rubutun yana nan a kan allo bayan an gama. Ni "kwafe allo" nake gani, abin da aka samu kuma "kwafin allo".

Hausa Zalla:
Kwafe! Malama, ke da kanki? Turanci ne aka sa wa hula. Tun daga saman zancen nan nake ƙirgawa: fayil, bayit, kwamfuta, fulofi, yanzu kuma kwafi. In haka za a yi, a gabatar da shirin da Turanci mana kowa ya huta. Ni na daɗe da ƙirƙirar kalma ga wannan aikin: cafkallo, daga cafke da allo. Aikin cafkallo, manhajar macafkalla. Gajeriya ce, tamu ce, tana kuma nuna saurin abin, kamar yadda shaho ke yi wa ɗan tsako. Na kawo ta a wurare da dama, ba a dai ba ta dama ba ne.

Malamar Nahawu:
Malam, allon da ka liƙa a jikin kalmarka daga Larabci ya zo. Haka harafi, haka na'ura. Aro ba abin kunya ba ne in kalmar ta zauna, kuma kwafi ta zauna tun zamanin takardar kabon. Matsalar cafkallo ma ba nan take ba. Allo da hamza take farawa ko da ba mu rubuta ta, kuma ba mu saba haɗiye ta mu narkar da kalma biyu su zama ɗaya ba. Dubi yadda muke yi: dafa-duka, fasa-ƙwauri, hana-salla. Kowace kalma tana tsaye da ƙafarta. In kana son ta bi wannan hanya, sai dai kama-allo.

Hausa Zalla:
Larabci ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, ya zama ɗan gida. Kuma duk kalmar da kike gani yau, ranar da aka fara faɗinta baƙuwa ce. In gidan rediyo ya faɗi cafkallo sau goma, ta zauna.

Badamagare:
Ku yi haƙuri in sa baki. Shirin nan har nan Damagaram ana iya jin sa? In ana ji, ku sani allo a kunnen mutanenmu na makaranta ne, na kwamfuta kuwa da sunan Faransanci yara ke kiran sa. Kullum haka ake yi, a zauna a Kano ko Kaduna a yanke kalma, mu kuma a ce mu bi.

Ɗan Zazzau:
To ai daidaitacciyar Hausa a kan ta Kano aka gina ta, ba mu muka tsara ba. Mu ma Zazzagawa haƙuri muke yi.

Badamagare:
Haƙurinku daban, kuna cikin ɗakin ake yankewa. Amma kwafe dai ta yi mini, don Faransanci ma kusan haka yake faɗi, mai saurare a nan ba zai ɓata ba.

Hausa Zalla:
Ka ji ko? Hujjar kalmar Hausa ta koma cewa ta yi kama da Faransanci.

Mai Shirin Asabar:
Don Allah malamai, Laraba ce yau. Saura biyu ba a taɓa ba.

Malamar Nahawu:
Na biyun ba wuya. Juya. A juya allo zuwa tsarin fayil da ake kira ANSI, kamar yadda ake juya littafi zuwa Hausa: saƙon ɗaya, tufar daban.

Tsohon Injiniya:
Juya ta yi, sai dai a faɗa wa masu sauraro wani juyin yana zubar da kaya. TheDraw, manhajar zane da haruffa wadda Ian Davis ya fitar a 1986, tana ajiye allo ɗaya ta hanyoyi da yawa. In ka juya shi zuwa ANSI, launi na tafiya tare da rubutun a matsayin umarni da aka tsarma tsakanin haruffa. In zuwa ASCII ne, launi ya zube, sai haruffa tsirara. Tana kuma juya shi ya zama jerin lambobi da mai rubuta manhaja zai liƙa a aikinsa na harshen kwamfuta Pascal ko C.

Na ukun ne nake so a tsaya a kai. Akasarin allo fili ne. Layi guda da babu komai a kansa bayit 160 yake ci. Maimakon a rubuta "fili" sau 80, sai a rubuta "fili, sau 80" da bayit biyu ko uku. Haka in layin ado ne da aka ja da alama ɗaya. Da an zo nunawa, wata 'yar manhaja ta karanta ta mayar da komai gurbinsa, ko ɗigo ba ya ɓata. Kuma ba don ado ake yi ba. Modam, na'urar tura saƙon kwamfuta ta layin tarho, mai gudun 2400 bayit 240 yake turawa a daƙiƙa, allo guda ya ci kusan daƙiƙa 17, kuɗin tarho na ta hawa. Fulofi mai cin 360K kuwa allo kusan 90 kawai yake ɗauka.

Shi ya sa matse ba ta yi mini ba. In ka matse lemo, ruwan ya tafi, ba ya komawa. Bidiyon da Ɗan Zazzau ke matsewa a waya shi ma yana rasa kyau, don haka matse ta dace da shi. Wannan ba ya rasa komai.

Ɗan Zazzau:
Naɗe to. A naɗe tabarma, a warware, tana nan yadda take.

Malamar Nahawu:
Kyakkyawar siffa ce, amma koma ka karanta layin farko na Hajiya: "za mu naɗi shirinmu". A bakin ma'aikatan rediyo naɗa ta riga ta zama ɗaukar murya. In ta ce an naɗe allo, za a zaci aikin farko take nufi. Taƙaita ma ba ta yi ba, mai taƙaitawa yana yar da wani abu. Dunƙule fa? Kishiyarta warware.

Tsohon Injiniya:
Dunƙule da warware. Na karɓa. Malam Hausa Zalla, su kansu masu abin ba su nemo manyan kalmomi ba. Manhajar ɗaukar allo da ke zuwa tare da TheDraw sunanta TheGrab, wato wawura, kalmar kan titi.

Hausa Zalla:
To ai wawura da cafka 'yan ɗaki ɗaya ne, Injiniya! Ka ba ni gaskiya ba ka sani ba. Dunƙule na yarda da ita, Hausa ce tsantsa. Juya ma babu laifi. Kwafe kam ba da yawuna ba.

Mai Shirin Asabar:
Na gwada su da ƙarfi a gaban abokan aiki biyu da ba su san zancen ba. "An dunƙule allon, an tura, can aka warware shi" sun gane nan take. "Juya" ma haka. Da na ce cafkallo, ɗaya ta ce in maimaita, ɗayan ya zaci sunan gari ne. Kwafe allo sun gane, sai dai ɗaya ya tambaya ko hoto ake nufi, don haka karon farko zan ce "kwafe rubutun allo da launinsa", in biyo da labarin ƙ na Baba, daga nan in ci gaba da kwafe allo. Malam Hausa Zalla, zan ce manhajar "cafke" allon take yi idan na zo bayanin saurinta, iyakar abin da zan iya ke nan. Sunan ita manhajar kanta ban samu ba, zan dai ce manhajar kwafe allo.

Hausa Zalla:
Macafkalla tana nan in kin gaji da dogon suna.

Badamagare:
Hajiya, karon farko ki ce "allon kwamfuta" cikakke saboda mu. Ƙarfe nawa ake sa shirin?