Kano a 2014: kuna ina, me kuka gani da idonku?

Abban Ado:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Babban ɗana daren Alhamis aka haife shi, wayewar garin Juma'a 6 ga Yuni 2014 sai ga labarin rasuwar Mai Martaba Alhaji Ado Bayero, shi ya sa ranar suna muka sa masa Adamu muke kiransa Ado. To jiya da daddare yaron nan ya tsare ni wai sai na ba shi labarin shekarar da aka haife shi, na fara da rasuwar Sarki na shiga ƙwallo na dawo siyasa sai na ga abin ya fi ƙarfin bakin mutum ɗaya, don ni ranar jana'izar ma ina asibiti ina ta zirga-zirgar sayo magani da kawo ruwan zafi, a rediyon wani mai shayi na ji komai. Don Allah duk wanda yake Kano a shekarar ya ba mu abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta. Zan karanta masa ne.

Tsohon Telan Yakasai:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya raya Ado. Ni lokacin da aka naɗa Sarki Ado a 1963 ina yaro ana aikena sayo zare, ka ga kenan ban san wani sarki ba sai shi, shekara 50 da ɗoriya. Ranar Juma'ar nan ina shago na ɗora wata babbar riga a keke ina ɗinka wuya sai maƙwabcina ya leƙo bai yi sallama ba ya ce Malam an yi rashi, ban tambaye shi waye ba, fuskarsa ta gaya min. Na rufe shago da rigar a kan keken, sai bayan kwana uku na cire ta. Ƙofar Kudu kuwa ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba, ko a Hawan Daushe, mutane a kan katanga a kan bishiya, ni dai a can baya na samu sahu ko gawar ban hango ba, kabbara kawai muke ji tana tafowa daga baki zuwa baki har ta iso mu. Na ga wani dogari babba da jan rawaninsa ya tsuguna a gefen hanya yana kuka kamar ƙaramin yaro. Daga nan aka wuce da shi gidan Nassarawa inda aka binne shi. Abin da ya dinga dawo min a rai shi ne harin da aka kai masa a Janairun 2013, direbansa da dogarai suka rasu a kansa shi Allah ya tsallakar da shi, ashe saura shekara ɗaya da 'yan watanni.

Ɗan Mandawari:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ya tsaya min shi ne ranar Lahadi 8 ga wata. Mu a cikin gari da yawanmu mun riga mun sa rai Ciroma ne zai gaji mahaifinsa, har an fara yaɗa cewa shi aka zaɓa wasu na taya juna murna a waya, sai da yamma sanarwa ta fito daga gidan gwamnati cewa Ɗan Maje Sanusi Lamido Sanusi ne. Wallahi gari ya hargitse, samari suka fito da sanduna da ganye ana ƙona tayoyi, ni a ranar da ƙafa na koma gida daga Sabon Titi don babu ɗan Adaidaita da zai yarda ya shiga cikin gari. Kwanaki sabon Sarki yana gidan gwamnati 'yan sanda sun tsare fada. Ban fita zanga-zanga ba amma ba zan ɓoye ba raina ya sosu a lokacin.

Jar Hula Fagge:
Ɗan uwa na fahimce ka amma ka tuna shi ma jinin gidan ne, jikan Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, kuma masu zaɓen sarki huɗu ne suka zauna, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, gwamna ya sa hannu. Abin da ya ƙara wa wutar fetur siyasa ce kawai, a Fabrairun shekarar Jonathan ya dakatar da shi daga Babban Banki bayan maganar dala biliyan 20 na kuɗin mai, shi kuma Kwankwaso ya bar PDP ya koma APC tun Nuwamban 2013, Malam Shekarau kuma ya bar APC ya shiga PDP har aka ba shi ministan ilimi a tsakiyar shekarar. Kowa da ɓangarensa, a majalisarmu ta bakin titi sai da aka yi wata guda wasu ba sa zama a benci ɗaya.

Ɗan Mandawari:
Haka ne, kuma ni da kaina na sauko daga baya, dalilin yana zuwa idan aka zo maganar masallaci.

Sai Masu Gida:
Abban Ado ka gaya wa yaronka a shekarar kofi ya zo duniya. Pillars ta ci lig 2012 ta ci 2013 ta sake ci 2014, uku a jere, Okey Emordi ne koci a ta ƙarshen, ga Rabiu Ali Pele a tsakiya ga Gambo Mohammed a gaba, kuma lokacin an fi shekara goma babu ƙungiyar da ta zo ta ci mu a gida a lig. Shiga filin Sani Abacha a shekarar sai an laluba ka tun daga bakin titin Ƙofar Mata, ko leda ba ka shiga da ita, mahaifiyata duk ranar wasa sai ta ce kai yanzu ba za ka haƙura da taron nan ba, in ce Umma ki yi min addu'a dai. Muna zuwa ne don nan kaɗai ne wajen da mutum zai yi awa biyu yana ihu ya manta da abin da ke gari.
Sai kofin duniya na Brazil. Bayan bam ɗin da ya tashi a gidan kallo a Damaturu mutane suka tsorata da gidajen kallo, mu sai muka haɗa kuɗin fetur aka tayar da janareta a zauren wani abokinmu, mun kai mu ashirin a kan tabarma biyu. Wasan Ajantina ranar 25 ga Yuni Messi ya ci tun minti uku, ba mu gama salati ba Ahmed Musa ya farke, aka dawo hutun rabin lokaci ya sake zura ta biyu, mun sha kashi 3 da 2 amma wallahi a unguwarmu kamar mu muka ci, don yaron nan a gabanmu ya buga wa Pillars, mun san gudunsa tun kafin Turawa su san shi. Wasan Faransa kuma a farkon azumi ya faɗo, ƙarfe biyar aka take, muka riƙe su har kusan minti 80 kafin Pogba ya sa kai, ana tashi ana kiran magariba, kunun ranar ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Maman Husna:
Ni abu biyu zan ce. Sallar azumin shekarar ita ce ta farko ta sabon Sarki, na yi wa yara ɗinki na yi musu alkawarin kai su kallon hawa, sai ga hare-haren 'yan mata masu ɗaure da bam a daidai kwanakin, aka soke hawan. Yara suka yini a tsakar gida da sababbin kaya. Abin da ya fi min ciwo bayan nan duk mace mai dogon hijabi in ta tare Adaidaita sai ka ga ana kallonta, ni kaina an taɓa cewa in ɗaga hijabi a bakin wata kasuwa a gaban mutane, na ɗaga don na san tsoro ne ya sa, amma da na dawo gida sai da na yi kuka.
Na biyun Ebola. Cikin watan Agusta wajen ƙarfe uku na dare yayata ta kira daga Kaduna ta ce ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi ku sha kaɗan kafin gari ya waye, na tashi yara ina rawar jiki, layinmu gaba ɗaya sai ƙarar bokiti kake ji. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai hawan jini ta sha da yawa sai da aka kwantar da ita kwana biyu. Cutar ba ta zo Kano ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, aka ɗage komawa makaranta, ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta rabu da ita.

Malamin Islamiyya:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ranar 28 ga Nuwamba ina babban masallacin Juma'a na cikin gari, na makara don haka a waje na shimfiɗa dardumata wajen masu sayar da turare da asuwaki. An tayar da sallah kenan na ji ƙara ta farko, ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, kafin mu gane sai ta biyu sannan harbi ta ko'ina. Na faɗi wani ya faɗo a kaina, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Da na miƙe abin da na fara gani takalma ne, takalma ko'ina da hula da carbi, har yau in na ga takalma sun taru a ƙofar masallaci sai gabana ya faɗi. Abin da nake so yaronka ya sani shi ne mutane ba su tsere duka ba, matasa da hannu da duwatsu suka yi kan masu bindigar, 'yan Adaidaita suka dinga kwasar masu rauni babu maganar kuɗi, ni wani yaro da ban san sunansa ba ya cire rawaninsa ya ɗaure min ƙafa. A asibiti da dare layin masu ba da jini har waje. Sama da mutum 100 suka rasu, cikinsu akwai ɗalibina ɗaya mai shekara goma sha huɗu da ya kai izu arba'in. Allah ya karɓi shahadarsu.

Ɗan Mandawari:
Amin Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Wannan ne dalilin da na ce. Sarki Sanusi yana Saudiyya abin ya faru, ya dawo washegari ya shiga masallacin nan jini bai gama bushewa ba ya ja sallah ya ce ba za a daina sallah a nan ba. Ina wajen. Daga ranar na bar maganar wa ya kamata a naɗa.

'Yar Kwari:
Malam sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ni ranar 10 ga Disamba ce ba ta fita a raina. Ina sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari ina kai wa mata gida-gida, da safe muna shagon da nake sari sai labari ya zo Ibro ya rasu, Rabilu Musa, kasuwa gaba ɗaya maganar kenan, yaran shago suna ta tuno yadda yake sa mutane dariya suna share hawaye, don gidan da ba a san Ibro ba a Arewa ban san shi ba, kakata ma da ba ta kallon fim in ta ji muryarsa sai ta matso. Na gama sari na ɗora ƙullin kaya a kai na fito ina neman abin hawa, ban yi nisa ba na ji ƙarar a bayana, 'yan mata ne suka tayar da bam a kasuwar. Na yar da kayan na yi ta gudu har Fagge babu takalmi ɗaya. Washegari wani ɗan dako ya kai ƙullin shagon da na yi sari don ya ga sunan shagon a jikin ledar, ko turmi ɗaya bai ɓata ba.

Jar Hula Fagge:
Hajiya kin tuna min, daren ranar ne kuma ake zaɓen fid da gwani na APC a filin Teslim Balogun a Legas. Mun kwana a gaban talabijin ana ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya har rana ta fito, rabinmu jar hula rabinmu 'yan Janar a ɗaki ɗaya, zuciya duk babu daɗi saboda abin da ya faru da rana amma babu wanda ya tafi ya kwanta. Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Mu da ƙuri'a ashirin ɗin nan da Madugu Kwankwaso ya fi Atiku da su muka yi ta murna kamar mu muka ci, don ana ta cewa ba zai kai ko na uku ba. A watan ne kuma Ganduje ya samu takarar gwamna a APC, Salihu Sagir Takai a PDP, fosta ta rufe gadar Ƙofar Nassarawa.

Tsohon Telan Yakasai:
Ku ƙara da Galadiman Kano Alhaji Tijjani Hashim, shi ma a shekarar ya rasu 'yan watanni bayan Sarki. Gidansa kullum cike yake da masu neman taimako, na sha ɗinka wa mutane kayan da shi ya biya.

Abban Ado:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta masa har wajen na Malam sai muryata ta ƙi, mahaifiyarsa ta karɓi wayar ta ƙarasa. Ya yi shiru can ya ce Abba yaron da ya ɗaure wa Malam ƙafa an gane shi daga baya? Malam in kana kusa ga tambayar Ado.

Malamin Islamiyya:
Ka ce masa ban sake ganinsa ba, na yi cigiya a unguwannin kusa da masallacin har na gaji. Rawanin yana nan a akwatina, fari ne mai bakin zare shuɗi, na wanke shi na ninke.