Tambaya kan sinadarin ANP a zuciyar tayin ɓera

Malamai masana ilimin halittu, ina neman taimakonku daga nan Yamai game da ANP, sinadarin da zuciya ke fitarwa domin ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, wanda Adolfo de Bold ya gano a 1981. A babban ɓera, ɗakunan zuciya na sama ne matattararsa, amma da na rina siraran yankan zuciyar tayi na duba a madubin likita, sai launin da ke nuna ANP ya bayyana har a ɗakunan ƙasa, musamman tsokar da ke ta ciki, kuma bayan haihuwa ya dushe a can.

Nan ne rubutuna ya cije. Me ke danne shi bayan haihuwa, kuma don me yake dawowa idan hawan jini ya kaurara tsokar zuciya? Don Allah a fahimtar da ni.